Rumbun da Kaji Sunka Ƙi

Lahadi, 6 ga Fabrairu 1966, la'asar. Tawa.

Kasuwa ta ci, ni ban ci ba. Gero ya yi tsadar da mai saye da mai sayarwa ke kallon juna ido cikin ido, ba mai neman dillali a tsakani. Shi ya sa da wani saurayi mai takalmi mai sheƙi ya tsaya bakin rumfata ya ce, "Kai ne Sabo, wanda anka ce yana jin cikin buhu ba tare da ya kwance shi ba?" ban ja aji ba. Na ce ni ne, har cikin mutum ina ji in an biya.

Sunansa Mushe Sa'idu, mushe irin na Faransanci, wato malam, ɗan Kalfu, ya yi karatun lissafi a Abijan, daga Yamai anka aiko shi. Damina ta yi gardama a arewacin Adar. Akwai hatsin taimako da za a raba, amma ba zai ishi kowane gari ba. Sai an auna an ga garin da abin rumbunsa zai kai shi faɗuwar ruwa da wanda ba zai kai ba. Yana neman mai kunne, mai baki, wanda ya taɓa zama lakkwal. Na yi aji uku kafin malaminmu ya gaji da ni, ni ma na gaji da shi.

Ya ba ni kaye biyu na aiki, wato littattafan rubutu. Ɗaya ya ishi gwamnati. Wannan nawa ne.

Talata, 8 ga wata, azahar. Hanyar Barmu.

Cikin mota ya tambaye ni yadda zan san halin gari. Na ce a haɗa hatsin kowa a raba da yawan gidaje, mi ya fi wannan sauƙi?

Ya ce, "To, gari mai gida goma. Tara ba su da ko tiya guda ta awon gero, na goma alhaji ne mai rumbu ashirin. Raba mu gani."

Na ce kowa ya sami rumbu biyu.

"A takarda," in ji shi. "Kai ka taɓa ganin alhajin da ya raba?"

Na yi dariya har direba ya waiga. Dabararsa ita ce: a jera gidaje daga mafi wahala zuwa mafi wadata, a tahi kai tsaye wurin na tsakiya. Rabi na ƙasa da shi, rabi na sama da shi. In hatsin gidan tsakiya zai kai ruwa, an bar garin. In ba zai kai ba, gari ya shiga cikin masu samu. Na ce ai mu haka muke sanin kuɗin gero a kasuwa: ba mu bin bakin wanda ya taho da girman kai, ba mu bin na wanda matarsa ke naƙuda. Ya ji daɗi. Yaron na da kai, sai dai bai iya cin goro ba, yana tauna shi kamar magani.

Ba kowane gida za mu shiga ba, ƙuri'a za a jefa, gida ashirin da ɗaya kowane gari. Ya ce shi ya sa duk abin da ya rubuta sai ya sa masa "ƙila" a ƙarƙashi: ƙila ya fi haka da wata guda, ƙila bai kai ba. Na ce wannan kuwa sana'ata ce, da "ƙila" nake ciyar da iyalina.

Laraba, 9 ga wata, safe.

Na ga sunayen garuruwan. Akwai Tungar Yunusu.

Asabar, 12 ga wata, almuru. Barmu.

Gari uku munka gama. Aikina ne ƙwanƙwasa. Mutumin Adar ba ya faɗin yawan dammansa, don kada baki ya kama su, kuma rumbun da anka liƙe da laka bayan girbi ba a buɗe shi kafin ruwa ya sauka, ko da kwamanda ne ya tsaya a kai. Na ci, mai gida ke zarowa shi kaɗai ta 'yar kafa. To sai kunne. Ina bugun cikin rumbun da 'yar sanda daga ƙasa zuwa sama. Inda gero yake, amon yana da laushi, kamar gangar da anka ɗora wa tafin hannu. Inda ya ƙare, sai rumbu ya amsa maka. Nan nake sa alama, Mushe Sa'idu ya auna da igiya, ya tambayi bakin da ke ci a gidan, ya yi lissafinsa.

Mutane na taruwa kallo. Wata tsohuwa ta ce in zo in ƙwanƙwasa kan surukinta a ji ko da wani abu a ciki.

Jibi Tunga. Na ce wa Mushe kaina na ciwo. Ya ba ni ƙwaya biyu farare. Ba irin wannan ciwon ba ne.

Litinin, 14 ga wata, la'asar. Tungar Yunusu.

Garinmu. Nan anka binne cibiyata, nan anka binne Baba da Inna. Rijiyar ta ƙara nisa, karnuka sun rame, samari duk sun tahi bida Kurmi, ci-rani can kudu. Maigari Baƙo ya tarbe mu da fura mai ruwa-ruwa yana ba da haƙuri.

An zuba sunayen masu gida cikin ƙwarya, Maigari yana ciro su ɗaya-ɗaya ido rufe. Ina tsaye ina roƙon Allah abin da ban taɓa roƙo ba. Can wajen ƙarshe Mushe ya karanta: Attahir ɗan Mamman.

Wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya riƙe gonar Baba tun da na tahi birni, ban taɓa karɓar ko zangarniya guda ba, shi ma bai taɓa zama a tabarmar rumfata ba. A wurinsa dillali mutum ne da ke cin gumin wasu yana zaune a inuwa. Ba mu faɗa. Gaisuwarmu ce gajera.

Talata, 15 ga wata, azahar.

Mun shiga gidan Yaya da hantsi. Matarsa Hajaratu ta fara ganina.

"A'a, ɗan birni! Yau wace iska? Ko an kore ka ne daga kasuwar?"

"Kewarki ce ta kawo ni, uwargida."

"Kewar tuwona dai. To ka makara, sai wata shekara."

Ta yi dariya, amma ba ta kai ido ba. Ɗakin Musa, babban ɗansu, na nan da asabarinsa a sake tun ranar da motar hukuma ta zo ta tahi da shi a waccan kakar. Ban duba wajen ba. Na duba.

Rumbu ɗaya ne, babba, wanda Baba ya gina. An liƙe shi tsaf. Yaya na tsaye gefensa da rawaninsa na Juma'a ranar Talata, maƙwabta sun cika ƙofar gida, Maigari na nan, yara kan katanga.

Na ƙwanƙwasa.

Na ce, "Ya kai nan," na sa alama kusa da wuya. Mushe ya auna. Mutane sunka ce ma sha Allah. Yaya bai dube ni ba.

Talata, almuru.

Na ce ya kai nan.

Laraba, 16 ga wata, safe.

Kowane rumbu a garin nan akwai kaji a gindinsa suna tono. Ko wanda saura kwata ne a ciki, sai ka ga kaza biyu na zagaye.

Alhamis, 17 ga wata, la'asar. Barmu.

Mushe ya shimfiɗa tabarma ya jera tsakuwa ashirin da ɗaya, kowace da gidanta, daga wanda hatsinsa zai ƙare kafin Layya zuwa Liman wanda zai kai wata kakar. Ya ƙirgo goma daga hagu, goma daga dama, ya ɗora yatsa kan wadda ta rage.

"Ga Tungar Yunusu," in ji shi. "Gidan yayanka ne, Malam Sabo. Bakin da ke ci da yawa, amma zai kai ruwa. Da ƙyar, amma zai kai."

Na ce, na kusa da shi fa daga ƙasa?

"Mumuni. Nasa zai ƙare saura wata guda."

Wato tsakanin gari da kamiyo, babbar motar hatsi, tsakuwa guda ce. Kuma ni na ajiye ta da bakina.

Na ce, "Ina ƙilanka? Ai ka ce wata guda sama, wata guda ƙasa."

Ya ce zai rubuta shi da manyan baƙaƙe: garin na kan iyaka, in da wasu gidajen ƙuri'a ta fito da su, da ƙila ya faɗa ƙasa. Amma masu zama kan rabon lamba ɗaya suke karantawa. Garuruwa sun yi yawa, buhuna kaɗan.

Asabar, 19 ga wata, hantsi. Tawa.

Matata Rakiya ta ce tun da na dawo nake zagaye tsakar gida kamar jakin da anka ɗaure kusa da dawa. Ta ce in kishiya nake nema in faɗa ta taya ni zaɓe, don ta san idona bai iya ba. Na ce mata aikin gwamnati ne. Ta ce gwamnatin ta hana ni cin tuwo?

Bari in rubuta, ko hannuna ya huta. Rumbun bai amsa ba, kuma bai yi laushi ba. Kamar ka bugi ƙasa. Duwatsun da ke gindinsa sun nutse, akwai tsaga sabuwa da anka shafe da laka. Ba kashin ɓera. Ba tururuwa. Ba kaza.

Gero ba ya da wannan nauyin.

Lahadi, 20 ga wata, azahar. Kasuwa.

Tun watan azumi nake ganin wasu damma a ƙofar gidan wani mutum a nan birni, wanda ake cewa ya san ƙofar da ake bi in hukuma ta tahi da naka. Ɗaurin kaba biyu da ƙulli a gefe. Mutum biyu na sani a duniya masu wannan ɗaurin, ɗaya na kabari. Na gani na kau da kai na ce kama ce. Dillali ya iya kau da kai.

Ba zan rubuta sunan mutumin ba. Ba zan rubuta komi kan wannan ba.

Litinin, 21 ga wata, la'asar.

Na je biro, ofishin Mushe, da goro da fara'a.

Na fara da cewa a sake jefa ƙuri'a a Tunga, ƙwaryar ba ta da zurfi. Mushe ya ce in an sake don ba a son abin da ya fito, ba ƙuri'a ba ce kuma, zaɓe ne, kuma kowane maigari zai zo da tasa ƙwaryar.

Na ce to kunnena ya tsufa, ƙila na sa alamar sama da yadda ya kamata, a sauke ta kaɗan. Ya ce mutum nawa sunka ga inda na sa ta? Maigari ya dangwala yatsa. In an canza a ɗaka, ranar da wani garin ya kai ƙara, duk aikin ya rushe, har garuruwan da sunka samu.

Ya dube ni ya ce, "In kana shakka, hanya ɗaya ce. Mu koma, a buɗe rumbun gaban shaidu."

Na ce ba ni da shakka.

Za a kai takardun Yamai ranar biyar ga watan gobe.

Talata, 22 ga wata, safe.

A buɗe gaban shaidu. Yaya, mutumin da ko tari ba ya yi gaban mutane.

Alhamis, 24 ga wata, almuru. Tunga.

Na hau jakin haya na taho ni kaɗai. Na tarar da Yaya a gona yana tara kara, gonar da ba komi.

"Yaya, barka da aiki."

"Barka kadai. Gwamnati ta manta wani abu?"

"Ni na manta. Ban gaya maka ba gidanka ne ya faɗo tsakiya. In rumbunka zai kai ruwa, gari ba ya samun ko buhu."

Ya ci gaba da ɗaure kara. Kaba biyu, ƙulli a gefe.

"Kai ka ƙwanƙwasa," in ji shi. "Kai ka faɗa."

"Na faɗa don kana tsaye."

"To ina tsaye har yanzu."

Na ce akwai gida ɗari da wani abu a garin nan, akwai 'ya'yan Mumuni da sunka fara cin ganye tun yanzu. Ya miƙe. Ban taɓa lura ya yi furfura haka ba.

"In an buɗe, Sabo, za a ce ina ya kai shi. In na faɗa, ka san wanda za a taɓa. In ban faɗa ba, ni ne mai gidan da ya cinye na iyalinsa ya cika rumbun ubansa da rairayi. Zaɓar mini ɗaya, tunda kai ne mai wayo."

Ko a nan bai kama sunan yaron ba. Ɗan fari ne.



Juma'a, 25 ga wata, hantsi.

Hajaratu ta biyo ni bakin rijiya da tulu, wai ruwa take nema.

"Ɗan birni, kai da sandarka. Kana tsammani kai kaɗai ke da kunne? Shekara nawa ina shara gindin rumbun nan?"

"Ya san kin sani?"

"In ya sani, ina zai sa fuskarsa a ɗakina? Kullum da safe ina cewa Allah shi sa albarka a rumbu, shi yana cewa amin." Ta gyara gammo. "Awakina saura biyu. In sun ƙare ban san abin da zan ce ba."

Na ce maƙwabta fa?

"Kaji ba su da kunya, Sabo. Mutane ke da ita."

Asabar, 26 ga wata, azahar. Hanya.

Jakin nan ma ya gaji da ni.

Litinin, 28 ga wata, la'asar. Tawa.

Na koma biro ba goro ba fara'a. Tsakuwoyin Tunga na nan jere bakin taga. Na ɗauki ta Yaya ina juya ta.

Na ce, "Mushe, misali kawai. In gidan tsakiya ya zamo bai kai yadda anka ce ba, sai ya faɗi har ina kafin gari ya samu? Sai ya zama ba shi da komi?"

Ya ce a'a. Ya karɓi tsakuwar ya sa ta bayan ta Mumuni kawai. "Ka gani? Yanzu Mumuni ne a tsakiya. Tsakiya ba ta tambayar nisan faɗuwa. Ko taki ɗaya ya sauka, ko ya kai ƙasa, duk ɗaya ne a wurinta. Gefe kawai take tambaya."

Na ce, in rabin hatsin ba nasa ba ne fa? In na wani ne da ba ya ci a gidan?

 Ya ce abin da gida zai ci ake rubutawa, ba abin da anka ba shi ajiya ba. Amma sai an tabbatar gaban Maigari.

Na ce ya sa a zuba wa mota mai.

Talata, 1 ga Maris, safe.

Na yi ta lissafin abin da zai ci mini. Rabin masu kawo mini hatsi mutanen arewa ne. Kabarin Inna na can.

Na ce wa Rakiya in ta ji ana zagina a rijiya kada ta rama. Ta ajiye muciya ta ce, "Mi ka yi?" Na ce ban yi ba tukuna.

Laraba, 2 ga wata, almuru. Barmu.

An yi.

Bayan la'asar, ƙofar Maigari a Tunga, gari duk na nan don an ga mota. Na sa babbar rigata mai aiki da gangan, na sa turare, na cika baki da goro. Na miƙe na ce ba aikin gwamnati ya kawo ni yau ba. Gonar Baba ba a taɓa raba ta ba. Shekara da shekaru ban karɓi komi ba. Bana birni ya yi zafi, na kuma ji da kunnena abin da ke rumbun. Rabi nake so.



Mumuni ne ya fara. "Bana? Bana ka tuna kana da uba? Ka taɓa riƙe hauya, kai?"

"Na riƙe, ta yi mini nauyi na ajiye."

"La'ananne! Ashe ƙwanƙwasar da kake yi kanka kake auna wa!"

Wata daga bayan zana ta ce da Inna na da rai da ta tsine wa nonon da na sha. Na san muryar, ta goye ni ina yaro. Liman ya ce a yi hankali, a shari'a yana da gado a gonar, amma amfanin bana gumin Attahir ne, in Attahir ya ƙi ba mai tilasta shi.

Kowa ya juya wurin Yaya. Ni ma. Ban gaya masa komi ba tun da farko, don na san da ya hana. Ya dube ni, karo na farko tun da munka shigo garin nan da igiya da sanda.  Na ga lokacin da abin ya isa gare shi, gemunsa ya motsa.

"Rabi ka ce?"

"Rabi, Yaya."

"Na ba shi."

Maigari Baƙo ya girgiza kai ya ce to a kawo gatari a fasa liƙin, a raba a gaban kowa, kowa ya huta.

In an fasa, rairayi zai zubo gaban kowa. Na ɗaga murya na ce, "A fasa rumbun Baba kafin ruwa? Ni ɗin banza ne, amma ban kai nan ba. A bar shi a liƙe. Rabi nawa ne, amana a hannunsa, ranar da na so zan aiko. Wanda ya taɓa mini ko zangarniya, mu haɗu gaban alƙali."

Mumuni ya tofa yawu kusa da takalmina. Maigari ya dangwala yatsa. Yara sunka raka motarmu da tsakuwa har bayan gari.

 Mun wuce fadama sannan Mushe Sa'idu ya ce, yana kallon waje, "Rabin rumbu ba zai kai su ko ƙarshen watan gobe ba. Ya koma bayan Mumuni."

Na ce haka lissafi ya ce.

"Kakata a Kalfu," in ji shi, "ba ta sayen gero a gidan da ba ta ga kaji ba."

Na dube shi. Ya miƙo hannu ya ce in ba shi goro.

Asabar, 5 ga wata, hantsi.

Takardu sun tahi Yamai. Ya bar "ƙilansa" a ƙarƙashi yadda yake. Ya ce yanzu ma kan iyaka ne, ta ɗaya gefen kawai.

Lahadi, 6 ga wata, la'asar.

Labari ya riga ni kasuwa. Mutanen Barmu sun wuce rumfata da jakunansu kamar ba su taɓa shan ruwana ba. Ɗanladi mai gishiri ya ce, "Sabo, in ka gama da naka wan, ni ma ina da wa, nawa za ka karɓa?" Na ce nasa wan ko rumbu ba shi da shi, sai bashi. An yi dariya. Ni ma na yi.

Rakiya ba ta rama ba a rijiya. A gida ta rama, a kaina. Daga baya ta zauna ta ce, "Kai da ko tuwon gidan mutane ba ka iya ci sai an roƙe ka. Akwai abin da ba ka faɗa ba." Na ce miya ta yi gishiri.

Alhamis, 10 ga wata, azahar.

Shiru daga Yamai. Zafi ya fara.

Talata, 15 ga wata, safe.

In sunka karanta "ƙila" a wannan karon fa? In sunka ce kan iyaka ne, a ba wani garin? Sai in zama na sayar da sunana na sayi iska.

Na je biro sau biyu. Mushe ya ce in daina zuwa, ina sa masinja tsoro.

Juma'a, 18 ga wata, bayan masallaci.

Wani ɗan Tunga ya ga ni a sahu ya koma sahun baya.

Laraba, 23 ga wata, la'asar.

Mushe ya taho da kansa har rumfa. Tunga ta shiga. Ba duka abin da anka nema ba, wajen kashi biyu cikin uku, amma kamiyo zai tashi kafin Layya. Gida-gida za a raba, da na cikin ƙuri'a da waɗanda ba a shiga ba.

Na ce alhamdu lillahi. Na miƙa masa goro. 

Ba wanda zai gode wa kowa. A Tunga cewa za a yi Allah ya dubi zaluncin da anka yi wa Attahir. Haka ɗin ne ma, in an bi ta wani gefen.

Lahadi, 3 ga Afrilu, almuru.

Layya ta wuce shekaranjiya, ban je gida ba.

Yau da hantsi kasuwa ta cika, ina zaune ba aiki, sai na ga mutane na buɗa hanya. Yaya ne, da rawaninsa, yana jan jaki da buhu guda a kai. Bai tsaya ko'ina ba sai bakin rumfata. Ya sauke buhun da kansa, ya faɗi tim. Masu gishiri, masu tabarma, mutanen Barmu, duk sun matso.

"Ga farkon rabonka," in ji shi, da ƙarfi yadda kowa zai ji. "Na ga ba za ka iya jiran ruwa ba. Sauran sannu a hankali, buhu-buhu, har rumbun ya sauka."

Hannuna ya riga ni. Na ɗan bugi cikin buhun, kamar ka bugi ƙasa.

Na ɗaga kai. Fuskarsa kamar ta alƙali, sai gefen bakinsa da ke rawa.

Na ce, "Gero mai nauyi, Yaya."

"Na gonar Baba ne. Daga gindinta na ɗebo."

Ɗanladi ya ce a kwance a ga irin abin da ake sayar da zumunci a kansa. Na ce wanda ke son gani ya kawo kuɗi, kuma ba na sayarwa ba ne.

Sai Yaya ya cire takalmi ya zauna a tabarmata. Ya ce a ba shi ruwa. Ya sha, ya riƙe moɗar, ya ce a hankali ba tare da ya dube ni ba, "Wani ya ga yaron nan. Da ƙafafunsa." Na ce Allah shi ƙara sauƙi. Ya ce amin. Ya ce Hajaratu ta ce a gaya mini tuwona na nan, amma in bari sai mutane sun huce, kamar shekara goma.

Muna zaune sai ga kajin kasuwa, su da ba su barin buhu ya huta. Sunka zagaya nawa sau ɗaya, sunka yi gaba. Na ga idon Ɗanladi ya bi su, ya dawo kan buhun.

Na sa hannu aljihu, inda nake ajiye geron gwaji, na ɗebo, na miƙa kamar mai gyara bakin buhu, na sake shi a gindi.

Sunka dawo da gudu.